Kafin a Kunna Wuta: Tarihin Injin Fiƙe Bakin Bututu

A shekarar 1865 wani mai sayen ɗanyen mai, Samuel Van Syckel, ya shimfiɗa bututu mai faɗin inci 2 daga garin Pithole, a jihar Pennsylvania ta Amurka, zuwa tashar jirgin ƙasa ta Miller Farm, tafiyar kusan mil 5. Shekara shida ke nan da Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa a Titusville, kuma har zuwa lokacin a ganga ake dakon mai, bisa keken doki, cikin caɓi, a kan kuɗin da masu kekunan suka ga dama. Da suka ga bututu zai raba su da abincinsu sai suka riƙa fita cikin dare suna ɓalle shi, har sai da aka zuba masu gadi da bindigogi. Rigimar masu keken doki ba ta daɗe ba ta mutu. Wadda ta ƙi mutuwa ita ce ta mahaɗa, wato wurin da bututu ɗaya ya ƙare wani ya tashi. Waɗanda suka riga Van Syckel gwadawa a nan suka faɗi, domin ta mahaɗa man da suka tura ya riƙa tsiyayewa cikin ƙasa. Shi kuwa ya yi amfani da bututai masu zare a baki, ana murɗa su kamar noti.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Layin Tidewater na 1879, mai faɗin inci 6, wanda ya ratsa duwatsu fiye da mil 100 zuwa Williamsport, da ƙarfin damtse aka ɗaure shi, ƙarti na rataye jikin manyan awartaki suna murɗawa gaba ɗaya. Sai dai zare yana da illa tun daga yinsa. Kafin a fitar da shi sai an ci jikin bututun, saboda haka wurin da aka fi buƙatar ƙarfi nan ne ƙarfen ya fi sirancewa. Bututu na ƙara faɗi, matsin abin da ke cikinsa na ƙaruwa, yoyo ma na ƙaruwa. Masu iskar gas sun fi kowa jin jiki, don ita iska ko ƙofar allura ta ishe ta. A ƙarshen ƙarni na 19 Solomon Dresser na garin Bradford ya kawo musu sauƙi da wata maɗaura mai roba a ciki, ta kuwa yi aiki sosai, amma mahaɗar tana nan a matsayin baƙuwa tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Walda ce ta mai da bututai biyu jiki ɗaya, kuma ta hanya biyu ta zo. A Rasha, cikin shekarun 1880, Nikolai Benardos da Nikolai Slavyanov suka nuna cewa ana iya narka ƙarfe da tartsatsin lantarki. A Suwidin Oscar Kjellberg ya yi wa sandar walda riga a 1907. A Faransa kuma, farkon ƙarni na 20, Edmond Fouché da Charles Picard suka ƙera kan wutar da ke haɗa iskar asitilin da oksijin, wadda ake walda da ita, ake kuma yanka da 'yar'uwarta. Wajen 1911 aka fara walda bututun gas da wutar gas a Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1920 lantarki ya karɓe filin.

Daga nan bakin bututu ya zama abin lura. Wutar walda ba ta nitsewa da nisa. Idan ka kara bututai biyu masu kaurin milimita 12 baki da baki, kowanne yankansa a miƙe, ka bi su da walda, saman kawai za ka liƙe. Ƙasan mahaɗar, can ciki inda mai ko gas ke gudana, yana nan a rabe, kamar tsagar bango da aka shafe da laka. Ido zai ga ɗinki mai kyau, sai ranar da aka saki matsi gaskiya ta fito. Maƙera sun san wannan tun ba a san lantarki ba: mai son haɗa ƙarfe biyu a wuta yakan fara bubbuge bakunansu su yi gangare, don su hau juna su ci juna. A bututu ma haka ne. Ana fiƙe bakin kowanne zagaye, ta yadda idan aka kara su za a sami kwarmi wanda sandar walda za ta shiga har ƙasa, a fara daga can, a yi ta cikewa zagaye bayan zagaye har a zo sama.

Sannu a hankali aka tsaya kan awo. A bututun layi, gangaren kowane gefe digiri 30 ne. A bututun matatu da masana'antu an fi sabawa da 37.5. Ba a fiƙe bakin ya zama wuƙa. Ana barin wani ɗan leɓe a miƙe daga ciki, kaurinsa kusan milimita 1.6, sannan a bar tazara makamanciyar wannan tsakanin bututan biyu. Ina son mai karatu ya tsaya kan leɓen nan, domin kusan duk tarihin da zai biyo baya a kansa yake. In ya yi kauri, wuta ba za ta ratsa shi ba, a bar tsaga a ciki. In ya yi sirara, wuta za ta huda shi, narkakken ƙarfe ya zuba ciki ya daskare kamar haƙora, yana tare abin da ke wucewa. Ƙarfe mai nauyin tan da dama, rana ɗaya zai ɗauki matsin da zai iya tashin unguwa, amma lafiyarsa a rataye take da wani abu da bai kai kaurin ashana ba.

Bututun da ya fito daga masana'anta da fiƙaƙƙen bakinsa yake zuwa, an sassaƙe shi a babban inji. Wahalar tana daji. A can dole a yanka bututu: an zo kwana, ko baki ya lotse a hanya, ko sassa biyu na layi sun haɗu tsawo bai zo daidai ba. A shekarun farko da hannu ake yi. A naɗa wani ɗan ƙyalle mai tauri a jikin bututun, a bi gefensa da alli, mai yanka ya karkata kan wutarsa gwargwadon yadda idonsa ya ba shi, ya bi layin. Saman bututu da sauƙi. Ƙasansa kuwa sai ya kwanta rigingine a cikin rami, tartsatsi na zubo masa. In ya gama, a bi da guduma a kakkaɓe kashin ƙarfe, a bi da zarto a daidaita. Gwani yana iya fitar da abin kirki, amma ko gwani ba ya yin guda biyu iri ɗaya.

Gyara ya zo daga garin Tulsa na jihar Oklahoma, wanda a lokacin ake yi wa kirari da babban birnin man fetur na duniya. A shekarun 1930 ƙananan maƙeru na garin, irin su H&M da aka kafa a 1934 da kuma Mathey, suka fara ƙera wata na'ura da ake ce wa sirdi. Sunan ya dace da ita. Ana ɗora ta bisa bututu kamar yadda ake ɗaura wa doki sirdi, a ɗaure ta da sarƙa ta ƙasa. A jikinta akwai zobe mai haƙora, buɗaɗɗe ta gefe guda don ya shige bututun, kan wutar kuma yana maƙale da zoben a kusurwar da aka saita. Mutum ya tsaya gefe yana juya mariƙi, zoben ya zagaya da wutar, inda ta fara nan take ƙarewa. Babu inji, babu lantarki. Amma ta raba aikin gida biyu: kusurwa da miƙewar yanka sun koma jikin ƙarfen na'urar, abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne saurin juyawa da saitin wuta. A ganina wannan rabon ya fi duk abin da ya biyo bayansa muhimmanci, domin daga ranar ake ta ɗebe sauran aikin kaɗan-kaɗan daga hannun mutum.

Yaƙin duniya na biyu ya nuna girman abin da walda za ta iya. Jiragen ruwan Jamus masu nutso sun yi ta nutsar da tankokin mai a gaɓar gabashin Amurka a 1942, sai aka yanke shawarar bi ta tudu. Layin da aka sa wa suna Big Inch, mai faɗin inci 24, ya tashi daga Longview a Texas ya bi ta Illinois zuwa Pennsylvania, mil 1,254, aka kuma gama shi cikin kusan shekara guda, a 1943. A irin waɗannan ayyuka tsarin tafiyar masu walda ya kankama: masu zagayen farko suna gaba, su ɗinke ƙasan kwarmi su wuce, masu zagaye na biyu na biye, masu cikewa da masu rufewa na baya. Layi yana tafiya ne gwargwadon saurin na gaba, shi kuma na gaba saurinsa ya danganta da irin bakin da aka kawo masa. A 1953 cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta fitar da ƙa'idarta mai lamba 1104 kan waldar bututu, wadda har yau ake aiki da sabbin bugunta a ƙasashe da yawa.

Shekara ashirin bayan yaƙi bututai suka ƙara faɗi, suka ƙara kauri, sai lissafi ya fara cizo. Kwarmi mai siffar kusurwa uku ne, don haka in kaurin bututu ya ninka biyu, ƙarfen da za a narka a cike shi ninki huɗu yake yi. Bututu mai kaurin milimita 20, bakin kwarminsa daga sama ya haura santimita 2. Sanduna nawa ke nan, zagaye nawa, awa nawa mutum yana durƙushe? Kowa ya ga cewa inji ya kamata ya yi waldar, musamman da aka samu wadda ake yi da wayar da ke fitowa daga ƙwarya ba tsayawa, iskar gas na kāre ta. Aka yi ta gwaji tun farkon shekarun 1960, ana ta cin karo da abu guda. Mai walda na hannu yana gani. Idan tazara ta buɗe a wani gefe, yakan rage gudu ya kaɗa sandarsa. Idan leɓe ya yi kauri, yakan danna ta ciki. Yana jin canjin ƙarar wuta tun kafin ɓarna ta auku. Ashe duk tsawon shekarun nan idon mai walda da wuyan hannunsa ne ke rufa wa mai yanka asiri. Inji kuwa abin da aka saita masa shi yake yi, ko bakin ya yi daidai ko bai yi ba. Bakin da masana'anta ta fiƙe ma bai ishe shi ba, domin kafin bututu ya sha jirgin ruwa da tirela da ƙugiya ya iso daji, ya ɗan lotse nan, ya yi tsatsa can.

Kamfanin CRC-Crose na Houston, wanda daga baya ya zama CRC-Evans, shi ya fitar da tsarin da ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshen shekarun 1960, aka fara aiki da shi a 1969. Jama'a sun fi kallon ƙananan injunan waldar da ke tafiya bisa zoben ƙarfe suna zagaya bututu, amma abin da ke gaba da su a layi shi ne injin fiƙe baki. Katafila mai ƙugiya a gefe ce ke ɗauke da shi. Gabansa yana shigewa cikin bututun, ya buɗe takalmansa da ƙarfin matsin mai, ya cije bango ta ciki har ya zauna daram a tsakiya. Daga nan wani faifai mai ɗauke da wuƙaƙe masu tsananin tauri ya fara juyawa yana matsowa a hankali, yana sassaƙe tsohon bakin, ƙarfe na faɗowa a nannaɗe kamar ɓawon lemo. Cikin 'yan mintoci an gama. Dabarar da ta fi burge ni a jikinsa ita ce ba ya ɗauka cewa bututu da'ira ce cikakkiya, don babu bututun da yake haka. Wuƙar tana tafiya ne tare da wata 'yar ƙafa da ke bin bangon ciki. Inda bangon ya shiga ta shiga, inda ya fita ta fita, saboda haka kaurin leɓen ɗaya ne zagaye. Kuma yankan sanyi ne, ba wuta, babu kashin ƙarfe, babu gefen da zafi ya taurara.

Da aka sami injin da ke iya maimaita awo har zuwa ɓarin milimita, sai aka daina bin tsohuwar kusurwa. Me za a yi da faffaɗan kwarmi, tunda siririyar waya ce za ta shiga? Aka tsuke shi, gangaren bangonsa ya dawo digiri 5 ko kusa da haka, aka ba ƙasansa siffar ɗan kwano ko wani gangaren na biyu, aka kuma kara bututan ba tazara. Ƙarfen da ake narkawa ya ragu ƙwarai, lokaci ya ragu, zafin da ke shiga jikin bututu ya ragu. Wannan siffa hannu ba ya iya fitar da ita, wuta ma ba ta iyawa. Injin walda da injin fiƙe baki suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Ba nan da nan aka rungumi abin ba, musamman a Amurka kanta, inda masu waldar bututu ke da ƙungiya mai ƙarfi, reshe na 798 da ke Tulsa, kuma suna da dalilin alfahari da hannunsu. Layin Alaska, mai faɗin inci 48 da tsawon mil 800, wanda aka shimfiɗa daga 1975 zuwa 1977 da bututun da aka sayo daga Japan, da hannu aka yi waldarsa ta daji, cikin sanyin da ke daskarar da numfashi. A can ne aka gano cewa an yi maguɗi a hotunan eksire na wasu mahaɗu, bincike ya fitar da kusan 4,000 masu alamar tambaya, aka koma ana tono ana gyara, har da waɗanda ke ƙarƙashin koguna. Waldar inji ta fi samun gindin zama a Kanada da Turai da kuma kan teku. Sai a layin Alliance, da ya kawo gas daga yammacin Kanada zuwa yankin Chicago a shekarar 2000, ta shiga Amurka da ƙarfinta.

A teku kuwa babu gardama, don kuɗin hayar jirgin shimfiɗa bututu na kwana ɗaya ya isa ya sa a ƙirga daƙiƙa. Layin Nord Stream na farko, kilomita 1,224 ƙarƙashin tekun Baltik daga Rasha zuwa Jamus, layi biyu jere, an haɗa shi ne daga bututai kusan 200,000 masu tsawon mita 12, tsakanin 2010 da 2012, jirgi na sauke kilomita biyu zuwa uku a rana. Kowane bututu da aka ɗora wa jirgin sai an fiƙe bakinsa a nan cikin jirgin kafin ya shiga layin walda. Akwai kuma wani dalili da ya sa awo ya zama wajibi. Cutar tsukakken kwarmi ita ce narkakken ƙarfe ya ƙi cin bangon gefe, ya bar wata siririyar tsaga a tsaye wadda hoton eksire kan iya tsallakewa. Sai aka koma duba mahaɗa da na'urar sauti, 'yar'uwar sikanin da ake yi wa masu ciki, wadda ake saita idanunta kan siffar kwarmin daki-daki. In bakin da aka sassaƙa ya kauce wa zane, mai dubawar ma wani wurin yake kallo.

Wani reshen tarihin ya tsiro ne nesa da rijiyoyin mai. A farkon shekarun 1960 yoyon ƙananan bututan jirgin gwaji na X-15 ya sa injiniyoyin kamfanin North American Aviation suka ƙera kan walda mai zagaya bututu da kansa, shi ma kuma bai yarda da bakin da bai daidaita ba. A tashoshin nukiliya, da aka gano tsatstsagewa a manyan bututan wasu tashoshi, har ta kai tashar Nine Mile Point ta jihar New York ta sauya nata a farkon shekarun 1980, an buƙaci injin da zai yanka ya fiƙe bututu yana maƙale a wurinsa, ba tartsatsi, ba tare da mutum ya daɗe kusa da turirin nukiliya ba. Zobe mai rabewa biyu kamar ƙwarya da murfinta ya biya wannan buƙata: a rungume bututun da shi, a kulle, wuƙaƙe su zagaya suna nitsewa kaɗan a kowane zagaye. Kamfanoni irin su E.H. Wachs da Tri Tool sun yi suna a kansa. Yau shi ake kira a matatar mai da tashar gas, inda ƙyastu ɗaya kan iya zama ajali. A manyan shagunan haɗa bututu kuma kwamfuta ce ke jan wuƙar, ta fara auna bakin, ta san inda ya karkace, sannan ta zana hanyarta.

Labarin nan ya iso ƙasarmu. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, tsawonsa kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40. In muka ɗauki mita 12 a kowane bututu, mahaɗu sun haura 50,000, bakuna sun haura 100,000, kowane baki zagayensa ya ɗara mita 3. A Nijar, layin ɗanyen mai daga Agadem zuwa tashar ruwan Sèmè a Jamhuriyar Benin ya kusa kilomita 2,000. Waɗannan layuka suna wucewa ta gonakin mutane da bayan garuruwa, za su kuma kwanta a can bayan duk wanda ya binne su ya tsufa. Abin da ke damuna shi ne, yaranmu da ke koyon walda a bakin titi, masu basira da juriya, akasari a kan ƙofa da taga da tankin ruwa suke tashi, inda ake kara ƙarfe a ɗiga masa wuta a wuce. Da wuya a sami wanda aka zaunar aka nuna masa leɓe da tazara da ma'aunin kusurwa, alhali wannan ne mataki na farko tsakanin waldar ƙofa da waldar bututu, kuma koyar da shi ba ya buƙatar injin miliyoyi.

Ko a layin da inji ya yi kusan komai, akwai mahaɗun da ba ya kaiwa. Inda aka haƙa aka zura bututu ta ƙarƙashin kogi ko titi, dole ƙarshensa ya haɗu da babban layi, su biyun kuwa suna kwance a rami, ba ta inda injin da ke shiga ciki zai fita. A nan ake auna abin da ya yi saura, a ja layi, sau da yawa kuma a sauko da sirdin Tulsa ko ɗaya daga jikokinsa. Mutum ɗaya ya kunna wuta ya saita ta a digiri 30, ya riƙe mariƙi yana juyawa a hankali har guntun ya faɗi. Wani ya bi da injin gurza ya fitar da leɓen, yana tsayawa yana kara ma'auni. Sai mai walda ya sauko ramin, ya shafa bakin da yatsa zagaye, in ya gamsu ya sauke gilashinsa.